Ƙarfe biyun dare a Minjibir: wa za a kira?

1/ Jama'a, yau ina so mu yi maganar da ba ma yi sai a zaman makoki. Tambaya ɗaya ce: idan ƙarfe biyun dare ta yi, jini ya ɓalle wa mai jego a wani ƙauye na Minjibir, wa za a kira ya ɗaga waya, kuma ya zo? Zaren yana da tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni. 🧵

2/ Na san amsar da za mu bayar. "A taso wane, yana da mota." Idan wane ya yi tafiya fa? Idan babu mai a motar? Idan wayarsa ba caji? Sai a koma kan mai babur. Idan shi ma ba a same shi ba, sai a jira asuba. Wannan shi ne tsarin agajin gaggawar da yawancinmu muka dogara da shi: sa'a.

3/ Ra'ayina tun daga farko, don kada mu ɓata wa juna lokaci: sayen motar asibiti kaɗai ba zai fisshe mu ba. Abin da muke buƙata tsari ne, wato lambar da kowa ya haddace, direban da yake jiran kira, man da aka tanada, mutanen da aka koya wa taimakon farko, da asibitin da ya san muna tafe.

4/ Kuma rabin wannan tsarin mu matasa za mu iya haɗa shi da hannunmu. Ɗaya rabin haƙƙinmu ne a kan gwamnati, dole mu nema da babbar murya. Zan yi bayanin kowanne.

5/ Bari mu fara da inda muke. A taswira Minjibir ba ta da nisa da birnin Kano. Mazaɓu 11 gare mu, ƙidayar 2006 ta ce mun haura mutum dubu 200, yau kuwa Allah kaɗai Ya san adadinmu. Gari na jikin gari, gona na jikin gona. Wanda ya gani zai ce ai waɗannan ba su da matsalar zuwa asibiti.

6/ Amma mara lafiya ba da kilomita yake auna nisa ba, da mintuna yake aunawa. Wanda yake bakin kwalta a cikin garin Minjibir ko Kunya lissafinsa daban. Wanda sai ya bi burtali da hanyar yashi, ya tsallaka kwari kafin ya ga kwalta, shi ma nasa lissafin daban.

7/ Da damina kuwa, a watan Agusta idan aka kwana ana ruwa, wasu ƙauyukanmu tsibiri suke komawa. Babu teku, amma laka da kwari sun zagaye su. Mota ba ta shiga, babur sai da turi. Mutanen tsibiri a duniya sun daɗe da gane abu ɗaya: taimako daga nesa yana zuwa, amma a makare. Wanda yake kusa shi ne mai ceto.

8/ Shi ya sa a Birtaniya da Ayalan, ƙungiyar RNLI mai ceto a teku, wadda aka kafa tun 1824, har yau yawancin masu shiga jiragenta 'yan sa-kai ne na garuruwan bakin ruwa: masunci, mai shago, malamin makaranta. Ana kira, su ajiye sana'a su ruga. Kuɗin aikin ma yawanci gudummawar jama'a ce.

9/ Mu dawo gida. Masana lafiyar mata suna da wani bayani da ya shahara tun 1994, na jinkiri uku da ke kashe mai ciki. Na farko: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti. Na biyu: jinkirin isa asibitin. Na uku: jinkirin samun kulawa bayan an isa. Motar asibiti na biyun kawai take taɓawa.

10/ Jinkiri na farko a cikin gida yake. Mai gida ya tafi cin rani ko yana kasuwa, babu wanda zai ce a tafi ba da izininsa ba. Ana cewa a ɗan jira a gani, a ba ta rubutu, a kira wance ta duba. Kowa niyyarsa alheri ce. Amma jini ba ya jiran a gama shawara.

11/ Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Awa biyu fa. Ku cire lokacin da aka ɗauka kafin a gane akwai matsala, ku cire na neman izini, ku cire na neman abin hawa da cinikin kuɗin mai. Me ya rage na hanya?

12/ Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ƙasa ɗaya. Kuma duk mun san Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin wannan lissafin.

13/ Abin da ya fi ci min rai shi ne ilimin maganin abin a gidanmu yake. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda ya nuna gano zubar jinin da wuri da haɗa magunguna lokaci guda yana rage munanan sakamako da kusan kashi 60 cikin 100.

14/ Wato 'yar Kano ta taimaka wajen koya wa duniya yadda ake tsayar da jinin. Amma wannan ilimin a ɗakin haihuwa yake aiki. Matar da take kwance a bayan a-kori-kura tana jiran a nemo litar fetur ba ta kai gare shi ba tukuna.

15/ Ba haihuwa kaɗai ba. Mu mutanen ruwa ne ma. Dam ɗin Jakara da ke Wasai tun shekarun 1970 yake ciyar da masunta da manoman rani. Ga kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suka cika da ruwan sama. Ga rijiyoyi a gidaje da gonaki, wasu ko murfi babu.

16/ Duk mai sauraron rediyo a Kano ya saba da sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta jiha: yaro ya faɗa rijiya, matashi ya nutse a kududdufi, an samu kira da ƙarfe kaza, an ciro shi a sume, daga baya aka tabbatar da rasuwarsa. Mun ji ta har ta zama kamar labarin farashin hatsi.

17/ Ba na ganin laifin ma'aikatan, lissafi ne kawai. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Babu motar da za ta taso daga wani gari ta iso bakin kududdufi cikin minti 5, ko a Jamus ne. Wanda yake tsaye a wurin shi ne zai yi ceton, ko a rasa ran.

18/ Ku tuna Bagwai, 30 ga Nuwamba 2021. Jirgin ruwa ya taso daga Badau a kan dam ɗin Watari, maƙare da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Su wa suka fi kusa da ruwan a lokacin? Mutanen gari da masunta.

19/ Ku tuna maƙwabtanmu na Gezawa, 15 ga Mayu 2024, da aka cinna wa masallaci wuta ana sallar asuba a Larabar Abasawa. Maƙwabta ne suka fara kai ɗauki, sannan aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa Asibitin Murtala a cikin birni. Nan kusa da mu ne fa, ba wata uwa duniya ba.

20/ Darasin duka biyun ɗaya ne. Jarumta ba ta yi mana ƙaranci ba, mutanenmu suna faɗa wa ruwa da wuta don ceton ɗan'uwa ba tare da tunani ba. Horo da kayan aiki ne babu. Shi ya sa sau da yawa mai ceto yake zama gawa ta biyu.

21/ Misalin rijiya. Wani ya faɗa, ɗan'uwansa ya bi shi, shi ma shiru, na uku ya bi. Sai a ce aljanu ne. Sau da yawa iskar ƙasan rijiyar ce ba ta da amfani ga numfashi, musamman tsohuwar rijiya, ko masai, ko wadda aka kunna injin ban-ruwa a cikinta. Mutum yana sauka zai sume ba tare da ya ankara ba.

22/ Ka'ida: babu mai shiga rijiya sai da igiya ɗaure a jikinsa da ƙarti a sama suna riƙe da ita. Idan na farko ya shiga ya yi shiru, kada na biyu ya bi shi haka nan. Masu haƙar rijiya na garinku sun fi kowa sanin wannan. Kuna da lambar ko mutum ɗaya a cikinsu?

23/ Wanda aka ciro daga ruwa kuma, a daina ɗaga shi ƙafa sama ana jijjigawa, a daina danna masa ciki wai a fitar da ruwa. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a buɗe masa hanyar iska, a hura masa numfashi, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa.

24/ Ba a koyon wannan a zare, sai an gwada da hannu a gaban wanda ya iya. Amma horon yini ɗaya ko biyu ne. Ƙungiyar Red Cross tana koyarwa. Ma'aikatan lafiya 'yan garinmu ma za su iya koyarwa. Mun iya zama kallon ƙwallo awa biyu kowane mako, wannan ba zai gagare mu ba.

25/ Ga saran maciji lokacin noma da girbi. Kububuwa dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da wurin saran. Abin da aka saba: a ɗaure da ƙarfi, a tsaga, a tsotse. Duk ukun suna ƙara ɓarna. A cire zobe da abin da ya matse, a hana gaɓar motsi, a nufi inda ake da allurar kashe dafi.

26/ "Inda ake da ita" ɗin nan shi ne maganar. Ba kowane asibiti ne yake ajiye allurar ba. Idan ba a sani ba tun kafin ranar, sai a yi ta yawo da mutum daga wannan ƙofa zuwa waccan. Wannan bayani ne da mutum ɗaya zai iya tambayowa ya rubuta wa gari gaba ɗaya.

27/ Haka ƙuna: ruwa mai sanyi mai tsabta a yi ta kwarara wa wurin har kamar minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai. Wanda ya yi haɗarin babur kuma kada a cicciɓe shi kamar buhu, wuya na lilo. Mutum yana iya tsira daga haɗarin, ɗaukar da muka yi masa ta shanye masa ƙafafu.

28/ To yanzu maganar motar asibiti. Duk mun san yadda ake yi. A sayo mota, a liƙa mata hoton mai girma, a yi taro, a yanka ƙyalle, a ɗora hotuna a Facebook. Bayan wata shida ka tarar da ita a ƙarƙashin darbejiya, taya a sace, awaki na hutawa a inuwarta.

29/ Don me? Don an yi kasafin sayen mota, ba a yi na tafiyar da ita ba. Mota tana cin mai kullum. Tana son direba aƙalla biyu, na rana da na dare. Tana son ma'aikacin lafiya a baya, da tukunyar iskar numfashi, da abin tsayar da jini, da bakanike. Idan babu waɗannan, bas ce mai jiniya.

30/ Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, jumlar da ta fi yawa a bakin masu jinya ita ce "an ce mu kawo kuɗin mai." Na taɓa raka wani gida neman mota da daddare, aka samu motar, aka samu direba, amma sai da aka bi gida uku ana haɗa kuɗin fetur. Matar tana kwance tana jira.

31/ Kuma mutanenmu da yawa kallon motar gawa suke yi wa motar asibiti, don a nan suka fi ganin ta tana aiki. Abin da ya fi zuwa ɗaukar mamaci a kan ɗaukar mai rai, ba za ka ga laifin wanda ya ƙi kiran sa ba.

32/ Abin da yawancinmu ba mu sani ba: doka tana bayanmu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda yake cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

33/ Dokar nan ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. A kan wannan aka gina shirin NEMSAS na motocin asibiti da agajin gaggawa na ƙasa.

34/ Manufar shirin ita ce a ɗauki mara lafiya a kuma yi masa jinyar awa 48 na farko ba tare da an ce ya ajiye kuɗi ba. Sannan akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kyauta ce. Ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122. Ku ajiye su a waya yanzu, kafin ku ci gaba da karatu.

35/ Amma mu faɗa wa juna gaskiya: shiri a takarda a Abuja daban, mota a ƙofar gida a Kwarkiya ko Gandurwawa daban. Ko an ɗaga wayar, ta yaya za ka kwatanta gidanku ga wanda bai taɓa zuwa ba? "Bayan tsamiyar nan, ka bi ta gonar Alhaji"? Dole sai da ɗan gari a cikin tsarin.

36/ Kuma an taɓa gwada tsarin ɗan gari a Arewa, ya yi aiki. A ƙarƙashin shirye-shiryen PRRINN-MNCH da MNCH2, an haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihohi irin su Jigawa, Katsina, Yobe, Zamfara, daga baya har Kano da Kaduna. Direbobin haya aka horar su riƙa kai masu naƙuda asibiti.

37/ Dabarar mai sauƙi ce. Direban tasha yana da mota mai lafiya, don da ita yake ci. Ya san hanya, a garin yake kwana. Aka koya masa alamomin haɗari da yadda ake ɗaukar mai ciki. Ladansa a wurare da dama shi ne idan ya dawo tasha a ba shi lodi ba tare da bin layi ba.

38/ Tare da haka aka riƙa kafa asusun gaggawa na gari, da jerin masu ba da jini, da abin da ya fi burge ni: izinin miji tun kafin lokaci. Mai gida ya faɗa a gaban shaidu cewa ko ba ya nan, idan matsala ta taso a wuce da iyalinsa asibiti. Magana ɗaya ta kashe jinkiri na farko.

39/ Jigawa ma ta yi nata, shirin Haihuwa Lafiya, inda aka ba ƙauyuka masu nisa motoci don kai masu naƙuda asibiti. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce idan mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa, ko gwamnati ta canza, sai abin ya yi sanyi. Abin da gari ya ɗauka nasa ne kawai yake ɗorewa.

40/ Ga abin da nake ganin kowace mazaɓa za ta iya yi kafin damina mai zuwa. Na ɗaya: jerin direbobi. Mutum 5 zuwa 10 masu mota ko Adaidaita Sahu da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. A raba musu kwanaki. A rubuta lambobinsu a bangon masallaci, kemis da ƙofar gidan mai unguwa.

41/ A bango fa na ce, ba a WhatsApp kaɗai ba. Tsohuwar da za ta fito neman taimako da daddare ba ta cikin guruf ɗinku. A rubuta da boko da ajami, da manyan lambobi, yadda yaro ɗan aji uku zai iya karanta mata.

42/ Na biyu: asusun mai. Misali, gida 200 kowanne ya ba da naira 500 a wata, an samu naira 100,000. Ba sai na koya wa Bahaushe adashi ba, iyayenmu mata sun fi mu iyawa. A yi yarjejeniya da mai sayar da fetur na gari: direban gaggawa ya zo a zuba masa, a biya da safe.

43/ Na san abin da za ku ce: "za a cinye kuɗin." Tsoron yana da dalili. Maganinsa: mutum uku masu sa hannu, ɗaya mace, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata bayan sallar Juma'a, a liƙa shi a bango. Kuma kada a ba ɗan takara riƙon asusun, ko na wace jam'iyya ne.

44/ Na uku: horo. Muna da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, kowace da kakinta, muna da Hisbah, muna da 'yan sintiri. Suna da tsari da biyayya, ga su a kowane gari. A ƙara musu horon taimakon farko na gaske. Kuma a horar da mata, don mace ce za ta shiga ɗakin mai jego, ba ƙato ba.

45/ A nan ina roƙon malamanmu: ranar horon nan a ajiye bambancin Izala da Ɗarika a bakin ƙofa. Wanda ya faɗa rijiya ba zai tambayi aƙidar mai riƙe da igiya ba.

46/ Na huɗu: jini. Sau nawa muke ganin "ana neman jini O cikin gaggawa" a Facebook bayan mara lafiya ya riga ya galabaita? Matasa 50 a mazaɓa su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta, mutum biyu su riƙe jerin. Idan mota ta tashi da mai zubar jini, masu ba da jini biyu su bi ta a babur.

47/ Na biyar: bakin ruwa. A Wasai da duk inda ake shiga kwale-kwale, a samu rigunan hana nutsewa, da doguwar igiya, da jarkokin da babu komai a ciki a rufe, don suna iya riƙe mutum a saman ruwa. Sarkin ruwa da masunta su ne ƙwararrunmu, a sa su gaba. Rijiyoyin gida kuma a yi musu murfi. Wannan ko kansila ba ya buƙata.

48/ Na shida: a kira asibiti kafin a isa. Lambar ma'aikacin da yake aikin dare a asibitin da ya fi kusa ta kasance a hannun direbobin. Ya san ana tafe, ya shirya, ko ya ce "wannan ya fi ƙarfinmu, ku wuce Babban Asibitin Minjibir," ko Murtala, ko Malam Aminu Kano, ko na ƙashi a Dala. An rage yawo.

49/ Wani zai ce: "Ka ɗauke wa gwamnati aikinta ka ɗora wa talaka." Wannan ƙorafin ina girmama shi, don gaskiya ne talaka ya gaji da yi wa kansa rijiya, makaranta da tsaro. Amma mai naƙudar daren yau ba za ta iya jiran kasafin baɗi ba. Mu yi namu, mu kuma matsa musu su yi nasu.

50/ Garin da ya tsara kansa ma ya fi iya matsa wa gwamnati. Idan kuna da littafin da ya nuna an yi fita 40 cikin wata shida, daga ina, saboda me, an ɗauki minti nawa, to kun je da hujja. Wanda ya je da "muna shan wahala" kawai, addu'a za a yi masa a sallame shi.

51/ Ga abin da za mu nema. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To mu tambayi duk mai riƙe da kujerar ciyaman da kansilolinmu 11: nawa aka ware wa man motar asibiti da albashin direbanta a kasafin bana? A nuna mana layin.

52/ Mu tambayi 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya: kafin a sake sayo sabuwar mota, nawa ne a ƙasa da za a iya gyarawa? Wace mota ce aka ajiye wa ɓangaren Kunya, wacce ce ta ɓangaren Wasai? Wace hanya ce take yankewa da damina, kuma yaushe za a sa mata kwalbati?

53/ Kwalbati ɗaya a kan kwarin da yake raba gari da kwalta yana iya ceton rai fiye da mota mai jiniya. Sai dai ba a iya liƙa masa babban hoto, shi ya sa ba a rububinsa.

54/ Masu cewa "kwana ne ya ƙare": haka ne, babu mai wuce lokacinsa, mun yi imani. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya umarce mu da neman magani da riƙo da sababi. Ba ma barin gona ba shuka mu ce arziki na Allah ne. Kada mu yi wa rayukan matanmu abin da ba ma yi wa gero.

55/ Masu ganin abin ya fi ƙarfinmu kuma, ku karanta tarihin Abdul Sattar Edhi na Pakistan. A shekarun 1950 ya fara da tsohuwar mota ɗaya a Karachi, shi ne direba. Kafin rasuwarsa a 2016 gidauniyarsa ta zama mafi girman tsarin motocin asibiti na sa-kai a duniya, da sadakar talakawa.

56/ Ba na cewa mu zama Edhi. Cewa nake ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan makon, ka samu mutum uku a unguwarku, ku je wurin mai unguwa da liman da shugaban tasha. Ku fito da sunayen direbobi biyar. Ku sayi fenti. Abin da ya rage zai biyo baya.

57/ Idan kai ma'aikacin lafiya ne ɗan Minjibir kuma za ka iya ba da yini ɗaya ka koyar, ka yi magana a ƙasa. Idan garinku kun riga kun yi irin wannan, ku faɗa mana yadda kuka yi da inda kuka samu cikas, mu koya. 'Yan Gezawa, Ungogo da sauran ƙananan hukumomi 44, ku ma maganar ta shafe ku.

58/ Ku tura wa kansilanku wannan zaren, ku karanta wa iyayenmu da ba sa hawa intanet. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a hanya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba mu ikon yin abin da yake hannunmu. 🙏🏾